Ranar da Baba Toka Ya Jira Tururi

Sunansa na yanka ya ɓace tun yana saurayi, ranar da ya fito daga ƙarƙashin kan jirgi fari fat har cikin gira, abokan aiki suka kwashe da dariya suka ce ga Toka nan. Sunan ya bi shi, da furfura ta zo sai aka ƙara masa Baba a gaba. Ko matarsa, in tana son tsokanarsa, da shi take kiransa.

Garin nasu gari ne na masu fasa dutse, a bayan wani dogon tudu. Kamfanin da ya kafa ma'aikatar shi ya shimfiɗa ɗan siririn layin dogo daga bakin ramin dutsen, ya haura tudun, ya gangara babban gari inda kasuwa da asibiti suke. Layi ne da babban mutum zai tsallake da taki ɗaya ko riga bai ɗage ba. Da gangan aka yi shi haka, don tudun duk kwana-kwana ne, babban jirgi ba zai iya lanƙwasawa ba, gadojin kuma ba za su ɗauki nauyinsa ba. Kan jirgin da ke bin layin ma daidai da shi aka ƙero shi a wata ƙasa mai nisa, aka kawo shi gunduwa-gunduwa cikin akwatuna tun kafin a haifi uban Toka. Ma'aikata suka mayar da shi mace, suka sa mata suna Gajera.

Ta ci sunanta kuwa. Ƙafafunta ba su wuce cinyar mutum ba. Tankin ruwanta a ɗore yake bisa tukunyar da ke dafa tururi kamar mangala a bayan jaki, don nauyin ruwan ya danne ƙafafun kada su zame a hawa. Bututun hayaƙinta mai faɗin baki ne, da raga a ciki mai tare tartsatsi, saboda itace take ci ba kwal ba. Ɗakin direba kuwa, mutum biyu in sun shiga sai sun wuni suna ba juna haƙuri.

A jikinta Toka ya yi rayuwarsa. Ya fara da kwasar toka da gugar ƙarfe, ya yi shekaru yana ɗan wuta mai jefa itace a murhu, daga baya ya zama direba. In ka tambaye shi abin da ya koya a duk shekarun nan, abu ɗaya zai faɗa maka: tukunya mai sanyi ba a yi mata gaggawa. A cikinta akwai siraran bututai masu yawa da wuta ke bi, bakunansu a matse cikin farantin ƙarfe, ruwa kuma na kewaye da su. In ka cika wuta ƙarfen bai ɗumama ba, wani wuri zai miƙe kafin wani, bakunan su saki, ruwa ya fara ɗiga cikin murhu. Ga shi kuma Gajera ba ta jan iska sai da tururin kanta, kafin ya samu wutar hayaƙi kawai take yi. Shi ya sa in za a fita da ita bayan hutu, tun ana gobe yake kunna 'yar wuta ya zauna yana dafa tukunyar da tafin hannu.

Wannan halin ya bi shi har gida, inda ya tarar da wadda ba ta da shi ko kaɗan. Matarsa tela ce, kowa ma Tela yake ce mata, mace mai saurin ƙafa a keke da saurin baki a zance. Takan ce in gobara ta kama gidansu, Malam sai ya fara dafa bango ya ji ko ya ɗumama daidai kafin ya nemi bokiti. Shi dai murmushi yake yi. Tare suka tsufa, 'ya'ya suka watse, sai autarsu ta rage a garin da mijinta da 'ya'yanta. Har ta yi 'ya'yan, Auta ake ce mata.

Da aka fasa hanyar mota, tifofi suka ƙwace aikin, aka tura Gajera rumfa aka rufe. Bayan wasu shekaru ma'aikatar ma ta mutu. Toka ya koma gyaran famfo da injin niƙa. Ba wanda ya ɗora masa kula da ita, amma duk mako sai ya je da gwangwanin mai da tsumma, ya shafa, ya goge, ya share ciyawar bakin rumfa. Mutane suna cewa riƙon amana ne. Akwai amanar, ba a ƙi ba, amma akwai taurin kai ma a ciki. Can ƙasan zuciyarsa jira yake ranar da garin zai buƙace ta, a zo a same shi har gida.

Ranar ta zo, ba kuma yadda ya so ba. An yi kwanaki ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, kogi ya tafi da gadar mota, garin ya yanke da ko'ina. Da safe bayan ruwan ya tsagaita, Tela ta sa hannu cikin kwandon ƙyallaye da ke ƙarƙashin kekenta, macijin da ruwa ya koro ya sare ta a bayan hannu. Malamin ɗakin shan magani ya zo ya duba macijin da aka kashe, fuskarsa ta canza. Ya ce allurar wannan dafin sai babban asibiti, kuma a kai ta tun jininta bai fara ƙin daskarewa ba, don in ya fara, shi ba shi da abin yi.

Ƙanin Tela, wani birkila mai faɗin ƙirji da kowa ke kira da sana'arsa, shi ya fara kawo shawara. Ya ce gadojin layin dogo suna kan tudu, ruwa bai kai su ba. Akwai kurar nan ta ƙarfe da masu gyaran layi ke turawa a dā, tana nan bayan rumfa. A shimfiɗa katifa a kwantar da Yaya, maza su yi ta turawa karɓa-karɓa har ƙolin tudu, daga nan gangara ce. In an tashi yanzu, kafin la'asar an isa. Kafin ya rufe baki maza sun fara naɗe ƙafar wando.

Sai Toka ya ce a'a. Ya ce tafiyar da za su yi wuni suna yi da matarsa cikin rana, Gajera za ta yi ta kafin mai shayi ya sallami mutanen bencinsa. Gaskiya ya faɗa, haka take yi a dā. Sai dai tafiyar kaɗai ya lissafa. Mutumin da ya fi kowa a garin sanin daɗewar da tururi ke yi kafin ya taso, shi ne ya manta da ita a ranar da bai kamata ba. Kuma ba wanda ya musa masa. Shi ne mijin, shi ne babba, shi ne mai jirgi. Birkila ya haɗiye maganarsa ya ce to, Yaya, yadda ka gani. Wannan ladabin abin haushi ne, don a cikin mutanen nan da ɗaya ya yi rashin kunya a lokacin, da an gode masa.

Gari ya taso kaf. Mata suka yi layi da bokitai daga rijiya zuwa rumfa, ana miƙa wa Toka yana ɗura wa tukunya da tanki. Tukunyar ta sha ruwa kamar ba za ta cika ba, hantsi ya ɗaga kafin ya ga ruwan ya leƙo a gilashin awo. Itacen da aka kawo duk a jiƙe yake. Ya tsattsaga wani tsohon akwati, ya jera a murhu, ya kunna. Kuma ka san wace irin wuta ya kunna? 'Yar ƙarama, irin ta kullum. Hannunsa ne ya yi, bai shawarce shi ba.

Aka ɗauko Tela aka kwantar da ita kan kurar a bakin rumfa, don da zarar Gajera ta motsa a ɗaura. Auta ta kafa mata inuwa da zane, ta zauna tana riƙe da hannun mai lafiya. Ɗayan ya kumbura har gwiwar hannu, yana sheƙi. Hayaƙi ya cika rumfa, yana fitowa ta ƙofar murhu maimakon ta sama, mutane na tari suna ja da baya. Toka na ciki idanu jawur, ya dafa tukunya, ya kalli agogon tururi, ya sake dafawa. Allurar agogon na kwance inda take, ko gezau.

Birkila ya leƙo ya tambaya ko da saura. Toka ya ce an kusa. Ya koma, ya kai ya kawo, ya sake leƙowa, aka sake ce masa an kusa. Rana ta kai tsaka, inuwar rumfa ta tattare, masu bokiti suka nemi gindin bango suka zauna. Surutu ya mutu. Tukunyar ta ɗumama dai, irin ɗumin da za ka yi wa jariri wanka da shi.

Auta ta shigo ta ce Inna na kira. Ya ce yana zuwa. Ta tsaya ba ta tafi ba, sai ya ajiye ƙarfen tonon wuta ya bi ta. Tela ta ɗago ido ta dube shi, baƙi ƙirin da hayaƙi, ta yi ƙoƙarin dariya.

"Malam, zo ka zauna nan kusa da ni. Bar ta haka."

"Saura kaɗan, Tela. Ta fara ɗumi."

"Na sani. Kai dai zauna."

Tana magana ya ga haƙoranta sun yi ja. Ta goge baki da gefen zane, zanen ya ɓaci. Jini ne ke tsattsafowa daga dasashinta, abin da malamin ɗakin shan magani ya ce a guda. Tsoro ya kama Toka, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da birki ya ƙwace masa a gangara. Bai zauna ba. Ya juya da gudu, tsoho da shi, ya koma rumfa.

Abin da ya hana wasu yi duk tsawon aikinsa, shi ya yi da hannunsa. Ya kwarara baƙin mai a murhu, ya bi shi da kananzir. Ya sa aka yanyanka tsohuwar taya ya cusa. Ya karya bencin da yake zama a kai, ya ɓalle ƙyauren taga, duk ya tura. Ya sa aka naɗe kwanon rufi aka ɗora bisa bututun hayaƙi don ya ƙara tsawo ya ja iska, mata kuma suka durƙusa suna fifita ta ƙasa da faranti. Wuta ta kama ba ji ba gani, tana ruri, ƙarfe na ƙara ƙas-ƙas ta ko'ina. Mutane suka miƙe, fuskoki suka saki, wani har ya ce ai da ma tun ɗazu aka yi haka. Allurar ta ɗan ɗaga kai daga inda take kwance.

Sai ya ji wani sauti a ƙarƙashin rurin, siriri, kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Ba wanda ya ji sai shi. Ya buɗe ƙofar murhu ya kare fuska da hannu ya leƙa. Bakunan bututan suna zubar da ruwa, layi-layi yana bin farantin yana sauka kan garwashi, gefen wutar har ya fara baƙi. Ya rufe ƙofar a hankali, ya tsaya ya ba mutane baya, yana addu'ar kada kowa ya tambaye shi komai.

Auta ba ta san tukunya ba, amma ta san bayan ubanta. Ta dube shi daga bakin ƙofa, ta juya ta ce wa Birkila, Kawu, ku kama mu tafi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma nemi izinin kowa ba. Maza suka zabura kamar da ma jira suke, suka dafa kurar. Sannan ta dawo ta ce wa uban ya zo su tafi tare, ko bai tura ba ya riƙe wa Inna hannu.

Ya ce ba a barin tukunya da wuta a ciki. Ya ce su yi gaba, kafin su kai rabin hawa zai tarar da su ya tura su har asibiti, a nan ne za su ga amfaninta. Yana faɗa yana kallon ƙasa. Auta ta buɗe baki za ta yi magana, muryar Tela ta riga ta, can ƙasa-ƙasa daga kan kurar.

"Ƙyale shi, Auta. Malam, in ka koma gida ka rufe min keken, na bar shi a buɗe."

Ƙafafun kurar suka fara kuka a kan tsatsa, aka tafi da ita. Rabin gari ya bi su, sauran suka watse ɗaya bayan ɗaya, don ba mai son ya tsaya ya kalli abin da ke faruwa a rumfar.

Ya rage shi kaɗai, yana fama bakin rai bakin fama. Ya janye tayar da ke ci, ya rage wutar, ya tattara garwashin nesa da inda ruwa ke ɗiga. Ya tuna dabarar tsofaffin direbobi, ya ruga injin niƙa ya ɗebo dusa, ya dama ta cikin tanki ya yi ta buga famfon hannu, don in ta shiga tukunya takan bi ruwa ta toshe ƙananan kafofi. Ya ƙone a hannu bai sani ba. Yana yi yana magana, wani lokaci da Allah, wani lokaci da Gajera. Ya roƙe ta, ya tuna mata man da ya shafa mata shekara da shekaru ba wanda ya sa shi, ya zage ta, ya dawo ya ba ta haƙuri. Yana kuka, hawayen na bin baƙin fuskarsa, bai tsaya gogewa ba.

Ko dusar ce, ko ƙarfen ne ya gama ɗumama daidai ya matse kansa, ɗigar ta ragu, ta tsaya. Allurar ta fara hawa. Da ta kai inda zai iya buɗe wa Gajera iska, wuta ta miƙe fara tas, hayaƙi ya koma sama inda ya kamata. Rana ta riga ta karkata sosai sa'ad da ya saki birki ya ja hannun tururi. Gajera ta yi tari, ta fesar da ruwa ta gefe, ta yi wata girgiza, ta fito daga rumfa da ƙafafunta.

Shi ne direba, shi ne ɗan wuta. Ya jefa itace, ya leƙa gaba, ya duba gilashin ruwa, ya sake jefawa. Layin ya yi tsatsa, ciyawa ta kwanta a kansa, ga danshi. A hawan farko ƙafafun suka yi ta juyawa a wuri ɗaya, ya sauko ya barbaɗa yashi da hannu ya koma ya ja a hankali har ta kama. Daga nan ta samu kanta. Ta shiga kwana ta fita, ta haye gada ruwa na ambaliya a ƙasa, numfashinta na fita daidai kamar ba ta taɓa hutawa ba. Kuma sai a faɗi gaskiya: daɗi ya kama shi. Cikin duk wannan tashin hankali, na ɗan lokaci, ya ji daɗin da ya yi shekaru bai ji ba, har ya ce a ransa ai ga shi, da sun ƙara haƙuri kaɗan. Ya ja igiyar usur ya riƙe, don su ji daga nesa su san yana tafe.

Sun ji. Yana fitowa daga wata kwana a ƙasa da ƙolin tudu ya hango su, ya danne birki da duk ƙarfinsa. Da farko bai gane abin da yake gani ba. Mazan ba sa bayan kurar suna turawa, suna riƙe da ita ne da igiya ta sama, suna sakinta kaɗan-kaɗan, tana gangarowa wajensa. Zanen da aka yi inuwa da shi an sauke, an lulluɓe Tela da shi har kai.

Gajera ta tsaya, kurar ma ta tsaya, 'yar tazara a tsakaninsu. Birkila ya kawar da kai. Toka ya sauko da ƙafa ɗaya a kan matakala, ya kasa ƙarasawa. Wutar da ya cika don hawa tana nan tana ci, tururi ya yi yawa ba inda za shi, ya ɓalle ta saman tukunya da wata ƙara mai toshe kunne, farin hazo ya tashi sama. Ya san ba abin da zai yi ya tsayar da shi sai ya gama fita da kansa. Haka suka tsaya duka, ba mai jin wani, har ƙarar ta lafa.

Auta ta taho gefen layi, idanunta a bushe. Ya ce mata, da wata murya da shi kansa bai gane ba, a ɗaura kurar, ya kai ta gida.

"Da hannu muka kawo ta, da hannu za mu mayar da ita," in ji Auta. "Baba, ja da baya. Ka tare mana hanya."

Layin ɗaya ne, ba wurin kaucewa sai an koma rumfa. Ya mayar da ƙafarsa ciki, ya juya hannun giya zuwa baya, ya saki birki kaɗan. Direban da ke ja da baya a gangara dole idonsa ya kasance kan layin da ke bayansa, in ba haka ba ya kashe mutane. Sai ya juya wa Tela baya, ya leƙa ta taga, ya fara saukowa a hankali daidai tafiyar masu igiya, yana jin kukan ƙafafun kurar na biye da shi har cikin gari.